Wai Mora ta Barno ce aka yanke, ko kuwa sojoji ne suka raya ta?

Ranar wata Asabar ina zaune a tashar Marwa ina jiran motar Mora ta cika, sai gardama ta ɓarke a kan bencin da ke bayana. Wani saurayi ɗan Garwa da aka turo aiki arewa yana ta mita, wai shi bai ga abin da ke Mora ba da kullum sunanta ke cikin rediyo, ƙauye ne kawai da sojoji suka cika, in ba don Boko Haram ba wa ma zai san da ita. Sai wani dattijo mai sayar da huluna ya juyo ya ce masa, yaro ba ka san komai ba, Mora ai ƙasar Barno ce, ta Najeriya ce, Nasara ne suka yanke ta suka ba Kamaru. Saurayin ya ce to Baba in haka ne me ya sa aka ajiye firefe, wato shugaban gunduma, a can. Aka yi ta yi har mota ta cika ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Ni a Mora aka yanke mini cibi, kakana fatauci ya kawo shi da goro da turmin atamfa ya zauna, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai. Su biyun kowa ya riƙo wani ɓangare na gaskiya ya saki sauran, kuma wannan rashin fahimtar ba a tasha kaɗai take ba, duk lokacin da aka tada maganar hanyar Mora zuwa Kusuri ko maganar iyakar Amchide sai ka ji irinta.

Da farko, mene ne matsayin Mora a tsarin mulki?

Kamaru an raba ta jihohi 10, abin da ake ce wa rejiyon, kowace da gwamnanta. Ƙarƙashin jiha akwai gunduma, wato depatama, guda 58 a ƙasar baki ɗaya, mai riƙe da ita shi ne firefe. Ƙarƙashin gunduma kuma sai arondisima inda sufirefe yake. Duk waɗannan naɗa su ake yi daga Yawunde, ba zaɓe ba ne, magajin gari kuwa ta hanyar ƙuri'a yake fitowa.

Jiharmu ta Arewa Mai Nisa gundumomi shida gare ta: Diamare da ke da Marwa, Logone da Shari da ke da Kusuri, Mayo-Danay da Yagwa, Mayo-Kani da Kaele, Mayo-Tsanaga da Mokolo, sai Mayo-Sava wadda hedikwatarta ita ce Mora. Mayo-Sava ba ta da girma, arondisima uku ne kacal a cikinta, Mora da Kolofata da Tokombere. Kuma ba tsohuwa ba ce, a 1981 aka fasa tsohuwar gundumar Margi-Wandala da ake mulka daga Mokolo aka fitar da ita, shekara biyu bayan nan a 1983 aka fasa babban lardin Arewa gida uku aka samu Arewa Mai Nisa. Kenan kujerar firefe a Mora ta girmi rikicin Boko Haram da shekaru kusan talatin, wannan kaɗai ya isa amsa ga saurayin nan.

Sai dai akwai wata kujerar da ta girmi ta firefe nesa ba kusa ba, ita ce ta Sultan na Wandala, sarkin gargajiya da fadarsa ke Mora. Dokar 1977 ta kasa sarakunan gargajiya daraja uku, ta mai da su mataimakan hukuma, na Mora yana daraja ta ɗaya. A takarda firefe ne a sama. Amma in rigimar gona ce ko gado ko aure, yawancin mutane fada suke fara nufa.

Me ya sa aka kafa gari a daidai wannan wurin?

In ka baro Marwa ka nufi arewa, kilomita wajen 60 ne, duwatsu suna hannunka na hagu suna binka har ka iso. A Mora duwatsun Mandara suke ƙarewa. Daga nan gaba sai fili fetal, ƙasa shimfiɗe kamar tabarma har Waza har bakin tafkin Chadi, in ka hau kan dutsen da ke bayan gari da yamma ka kalli arewa idonka ne zai gaji ba ka ga tudu ba sai can ɗaiɗai.

To wannan shi ne sirrin garin. Wanda ya zauna a nan yana da dutse a bayansa da zai fake in yaƙi ya zo, yana da fili a gabansa da dawakinsa za su sukwana, kuma duk mai son ya wuce daga Barno zuwa ƙasar Fulanin Diamare, ko daga kudu zuwa Shari, dole ya zagaya ta ƙarshen dutsen nan. Gari ne na mararraba tun fil azal.

Ƙasar kanta iri biyu ce. A gindin dutse jigawa ce mai tsakuwa, gero da gyaɗa da wake da auduga. Can cikin fili kuma baƙar laka ce da Fulani ke kira karal, in damina ta ja baya a dasa muskuwari, dawar rani da ba ta bukatar ruwan sama, laimar da laka ta riƙe ita take sha har a girbe ta da sanyi. Ruwan sama kuwa wata huɗu ne, Yuni zuwa Satumba, rafukan da ake ce wa mayo su cika su yi ambaliya kwana biyu, in rani ya yi ka tsaya tsakiyarsu kan yashi mata na tonon ruwa da ƙwarya. Watan Afrilu kam sai wanda ya saba.

A kan duwatsun kuma akwai mutanen da suka riga kowa: Podoko, Mura, Mada, Muktele, Zulgo, Uldeme da sauransu, kowace ƙabila da harshenta, wani lokaci dutse biyu na kallon juna ba sa jin maganar juna. Su ne suka jera duwatsu hawa hawa suka yi gonaki a jikin tsauni, aikin da in ka gani da idonka sai ka jinjina wa kakanninsu. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Mora, tun da duku duku za ka ga mata suna gangarowa a jere da kaya a ka, wannan da kaji, wannan da tukwane, wannan da busasshiyar kuɓewa, su haɗu da Larabawan Shuwa masu nono da man shanu, da Barebari, da Fulani, da mu Hausawa masu tebur. Ina yaro aikina kenan in zauna gefen kakana ina yayyafa wa goro ruwa cikin ganye, ina jin ciniki ɗaya ana fara shi da Mandaranci a ƙare shi da Fulatanci.

Masarautar Wandala da alaƙarta da Barno

Nan ne maganar dattijon take da tushe, amma ba yadda ya faɗe ta ba. Wandala, wadda mu da Barebari muke ce wa Mandara, masarauta ce mai zaman kanta, sarkinta suna kiransa Tlikse. Kuma ba a Mora ta fara ba. Babban birninta na farko Kerawa ne, bayan Mai Idris Aloma na Barno ya kawo musu yaƙi a ƙarshen ƙarni na 16 sarauta ta koma Dulo, nan kusa da Mora ta arewa. A farkon ƙarni na 18 sarkinsu Mai Bukar Aji ya karɓi Musulunci, malamai daga Barno suka shigo, shi ya sa har yau za ka ga kamanni a rawani da algaita da sunayen sarauta.

Zaman Mandara da Barno zaman maƙwabta ne da ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, wani lokaci a kai gaisuwa, wani lokaci a ƙulla aure, wani lokaci a gwabza. Wajen 1781 Mandara ta karya rundunar Barno karyawa mai muni. Da jihadi ya zo, Modibbo Adama ya shiga Dulo wajen 1809 amma bai iya riƙe ta ba, sai dai daga lokacin Fulani suka ƙwace ƙasashen kudu irin su Marwa, sarki ya ga Dulo a fili take ba mafaka, ya jingina da dutsen Mora. A 1823 da Baturen Ingila Dixon Denham ya biyo Barka Gana, sarkin yaƙin Shehu Laminu na Barno, a Mora suka tarar da sarki, kuma daga nan suka tafi yaƙar Fulani, Fulanin suka kora su. Ka ga kenan shekara 200 da suka wuce Mora fadar sarki ce da baƙi ke zuwa daga nesa.

Akwai abin da ba a son faɗa a fada amma dole a faɗe shi. Arzikin masarautar nan ƙarfe ne da dawaki da bayi, kuma bayin daga kan duwatsun nan ake kamo su. Kalmar kirdi da wasu ke jifan mutanen dutse da ita daga wancan zamanin ta taso, zagi ce, ni dai ba na son jin ta a bakin ɗan Musulmi. In ka ji ɗan Tokombere yana ƙorafin cewa komai Mora, komai 'yan fili, kada ka ɗauka siyasar jiya ce kawai, tsohon miki ne. Jikokinsu da yawa yanzu sun yi boko sun fi 'yan gari, musamman ta hanyar makarantun mishan irin waɗanda Baba Simon ya fara a Tokombere tun 1959, suna neman a dama da su, kuma haƙƙinsu ne.

A ƙarshen ƙarni na 19 Rabe ya ci Barno ya zauna Dikwa, rundunarsa ta zo ta ragargaza Dulo ta tafi da sarki. Dulo ba ta sake tashi ba. Shi kansa Rabe Faransawa suka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900.

Yaƙin kan dutse, 1914 zuwa 1916

Jamusawa sun iso a 1902 bayan sun ci Marwa. Da yaƙin duniya na ɗaya ya tashi a 1914, kwamandansu a Mora, Kyaftin von Raben, da sojoji wajen 200 yawancinsu baƙaƙen fata, ya yi abin da sarakunan Mandara suka saba yi, ya bar gari ya haye dutse. Ingilishi suka taso daga Maiduguri, Faransawa daga Chadi, suka kewaye shi. Garwa ta faɗi a Yunin 1915, Yawunde ta faɗi a farkon 1916, sauran Jamusawa suka tsere ƙasar Sifaniyawa a kudu, amma na kan dutsen Mora suna nan, yunwa ta ci su har dawakansu suka yanka. Sai ranar 18 ga Fabrairu 1916 suka sauko. Wuri na ƙarshe da tutar Jamus ta sauka a duk faɗin Kamaru shi ne wannan garin da ake ce wa ƙauye, har yau akwai ragowar ganuwarsu ta duwatsu a can sama.

To yaya aka yi iyaka ta ratsa tsakiyar Mandara?

Nan mutane suka fi ruɗewa, don abin a juye yake da yadda dattijon ya faɗa. Zamanin Jamus, Dikwa da Bama da Gwoza da Madagali da Mubi duk cikin Kamaru suke. Da aka kori Jamus, Ingila da Faransa suka raba ƙasar, yarjejeniyar 1919 ta ba Ingila wancan zirin na yamma, ta bar Mora da Mokolo da Marwa hannun Faransa. A Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a ɓangaren Ingila, na arewa suka zaɓi Najeriya, ranar 1 ga Yuni 1961 suka shige aka kira wurin lardin Sardauna, har Ahmadu Ahidjo ya ayyana ranar a matsayin ranar makoki. Mora ba ta cikin wannan ƙuri'ar sam. Kenan ba Mora aka yanka daga Najeriya ba, Gwoza da Bama ne suka fita daga tsohuwar Kamaru.

Amma layin da aka ja bai san zumunci ba. Kerawa, tsohon birnin masarauta, rafi ne ya raba shi biyu, rabi Najeriya rabi Kamaru. Banki da Amchide gari ɗaya ne a ido, akwai lokacin da za ka sayi burodi a wannan ƙasa ka sha shayi a waccan. Kotun duniya da ta yanke hukuncin Bakasi ranar 10 ga Oktoba 2002 sai da ta tsaya ta fayyace inda layi ya bi a Limani da rafin Kerawa, don takardun Turawan ma ba su fito fili ba. Kuma a lura, daga Mora ta Banki da Bama, Maiduguri ta fi kusa da mu a kan Garwa, ta fi kusa a kan Kusuri, Yawunde kuwa ta haura kilomita dubu. Shi ya sa naira take yawo a kasuwarmu tare da sefa, kuma man da baburanmu ke sha zuwa-zuwa ne, wato fetur ɗin Najeriya na cikin jarka.

Abin da ya same mu tun 2014

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A Mayun 2014 aka sace 'yan China 10 masu aikin hanya a Waza, a Yuli aka afka wa Kolofata aka tafi da matar mataimakin firaminista Amadu Ali, a Satumba Banki ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, Amchide ta watse. Mora kanta an tada bam a cikinta a Satumbar 2015. Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin Chadi, wadda hedikwatarta ke Injamena, ta ajiye sashenta na ɗaya a Mora, daga baya a 2018 aka sa ɗaya daga cikin cibiyoyin karɓar tubabbu a nan.

Wannan ne saurayin ya gani ya ce sojoji suka raya gari. Gaskiya ne gari ya cika, 'yan gudun hijira daga ƙauyukan bakin iyaka sun shigo, ƙungiyoyin agaji sun kama gidaje haya, masu gida sun samu, masu abinci sun samu. Amma ka tambayi ɗan kasuwar da ke sauke tirela daga Banki kafin 2014 ko an raya shi. Ka tambayi manomin da gonarsa ke wajen Limani ya yi shekaru bai taka ta ba, ko ɗan acaɓan da aka hana shi fita, ko matasan 'yan sintiri da suka tare bam da jikinsu. Mutane sun ƙaru, rijiyoyi ba su ƙaru ba, kuɗin haya da na itace da na jarkar ruwa duk suka hau. Ni ban kira wannan raya gari ba, kumburi ne.

Hukuma tana da hujjarta, ta ce in ba a tsaurara ba da Mora ma ta tafi yadda Bama ta tafi, kuma wanda ya ga Amchide a 2015 ba zai musa ba. Talaka shi ma yana da tasa, shinge goma tsakanin gari da gari, kowane shinge da abin da zai ci. Da aka fara samun sauƙi kasuwar iyaka ta soma motsi, sai Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, sannan a Mayun 2023 ta cire tallafin mai, zuwa-zuwa ya yi tsada, kuɗin babur daga ƙauye zuwa kasuwar Lahadi ya tashi. Shawarar da aka yanke a Abuja a tukunyar matar Mora take ƙarewa.

Hanyar Kusuri, da abin da ke iya biyo baya

Kayan Chadi da ke sauka a tashar jiragen ruwan Duwala, jirgin ƙasa ya kawo su Ngaundere, tireloli su ɗauka ta Garwa da Marwa da Mora da Waza da Dabanga har Kusuri su haye gadar Ngeli su shiga Injamena. Daga Mora zuwa Kusuri kilomita 205 ne. Aikin gyaran da Bankin Duniya ya sa wa kuɗi shi ne ya tsaya cak bayan harin Waza, daga baya aka ba injiniyoyin soja, aka yi ta sa rana ana ɗagawa.

Na bi ta da damina zuwa jana'izar wata gwaggona. Mun bar Mora bayan asuba, da muka wuce Waza muka tarar da tirela ta kwanta a gefe cikin laka, buhunan siminti sun jiƙe, bayanta motoci sun yi layi ba ka ganin ƙarshensu. Direbobi sun shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin motocinsu suna dafa shayi, wani ya ce mini kwanansa uku a wurin. Wata mata a motarmu da jariri zazzaɓi na cinsa tana ta jiƙa zani tana shafa masa, yaran mota suna yanko ƙaya da rassa suna cusawa ƙarƙashin taya, laka har gwiwa. Ba mu shiga Kusuri ba sai bayan isha'i, an riga an kai gwaggo.

Abin da nake tsoro shi ne fatake ba sa jiran hanya, hanya suke canzawa. Tuni akwai ta Ngaundere zuwa Tuboro zuwa Mundu da ke shiga Chadi ta kudu, ga kuma sabuwar gadar da ta haɗa Yagwa da Bongor a kan kogin Logone. Duk tirelar da ta bi can, mai tuwo a bakin tashar Mora ta rasa kwano biyar, mai faci ya rasa taya, mai albasa ya rasa motar da za ta kwashe masa kafin ta ruɓe. In an gama kwalta har Kusuri kuma Banki ta zauna lafiya, Mora za ta koma mararrabarta ta da, hanya uku na haɗuwa, ta Marwa da ta Maiduguri da ta Injamena, kuɗin mota ya sauka, mara lafiya ya isa asibiti da rai. In kuwa aka ci gaba da jan ƙafa, ofishin firefe yana nan, fadar Sultan tana nan, barikin soja yana nan, amma samarinmu za su ci gaba da tafiya Marwa da Yawunde da Duwala neman acaɓa.

Dattijon mai huluna a Mora ya sauka tare da ni. Da muka fito mota na ce masa Baba, Gwoza ce fa ta tafi, ba Mora aka kawo ba. Ya yi shiru, sannan ya ce ƙanwarsa tana aure a Kerawa ta wancan ƙetaren, rabonsa da ita tun kafin a rufe hanya, ya ɗauki jakarsa ya nufi wajen masu babur yana tambayar ko ana zuwa Kolofata yau.